Ɗarin Kwana Huɗu Da Alkamar Malisa

A kan yi shekarar da watan Nuwamba zai shiga ya fita, Disamba ma ya raba tsakiya, mutanen Malisa ba su kwance ƙullin barguna ba. An gama girbin gero da dawa an kai rumbu, ruwan fadama ya janye, amma da dare sai a kwana ƙofa a buɗe, yara suna wasa a dandali ba ko riga. Mai shayi ya hura wuta da asuba, ba wanda ya matso kusa da murhunsa don jin ɗumi. Tsofaffi su fito daga masallaci su dubi gabas, su ga sama garau, ba hazo ko na magani, su ce ɗarin bana ya yi nauyin ƙafa.

Ana nan ana nan, sai rannan a wayi gari iska ta tashi. Hazo ya rufe ƙasa har mai tafiya Gwandu ba ya ganin kukar da ya saba hangowa daga nesa. Ruwan randa ya yi sanyi ƙarara, alwalar asuba ta zama aiki, leɓuna su tsattsage, kaushi ya farka a dugadugai. Ko wace ƙofar gida an tara kara an kunna, an kewaye wuta. Kwana uku, kwana huɗu, in ya daɗe ƙwarai ya yi mako guda. Sa'an nan hazo ya washe, iska ta kwanta, rana ta komo da ƙarfinta kamar ba a yi kome ba.

To, wannan ɗan gajeren ɗari shi ne abin magana a filin nan na wannan mako, gama ya fi dogon hunturu iya yaudara. Dogon hunturu kowa ya san shi, kowa ya shirya masa. Amma na kwana huɗu, wanda ya faɗo a tsakiyar ɗumi, ɓarnarsa iri biyu ce. Ya kan sami wanda ya saki jiki ya yi masa illa a gona da gida. Ya kan kuma sa wanda ya ke zaune yana jiran sanyi ya tashi ya zuba irinsa a ƙasa bayan lokaci ya wuce. Ta biyun nan ita ce ta fi cin kuɗi.

Malisa tana cikin Ƙaramar Hukumar Gwandu ne, a Jihar Kebbi, tare da su Dalijan da Kambaza da Dodoru da Gulmare. Noman rani ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Tun shekarar 1853, sa'ad da Baturen nan matafiyi Barth ya sauka birnin Gwandu zamanin Sarki Halilu, ya tarar ana noman albasa a kwarin garin, har ya yaba girmanta da kyanta. Abin da ya sake tun daga wancan lokaci shi ne kayan aiki: jigo ya ba injin ban ruwa wuri, guga ya ba tiyo. Amma albasa da alkama da tumatir da tattasai, dukansu har yau a hannun ɗari su ke. Inji ya iya kawo ruwa, bai iya kawo sanyi ba.

Inda iskar ta ke fitowa

Masanan yanayi sun daɗe da bin sawun iskar hunturu har gidanta. A arewacin ƙasar Chadi akwai wani babban kwari ana ce da shi Bodele. Dubban shekaru da suka wuce ruwan Tafkin Chadi ya kai har can, daga baya ya ƙafe, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin tuwo. Arewa maso gabas da kwarin akwai duwatsu biyu manya, na Tibesti da na Ennedi, da sarari a tsakaninsu kamar lungu tsakanin katangu biyu. In iska mai sanyi ta gangaro daga Turai, ta ƙetare Bahar Rum, ta taru a kan Libiya da Masar, sai nauyinta ya tura ta kudu. Ta kutsa ta lungun nan da ƙarfi, ta share kwarin Bodele, ta ɗauko ƙura, ta bi ta kan Jamhuriyar Nijar, cikin 'yan kwanaki ga ta a ƙasar Hausa. Farar ƙurar da mai gida ke kaɗewa daga kan rediyonsa a Malisa, da yawanta daga can ta taso. Wata ma ba ta tsayawa nan, sai ta haye teku ta sauka a dazuzzukan Amurka ta Kudu.

Abin lura a nan shi ne, turin nan ba a kullum a ke yinsa ba. Zuwa ya ke yi kashi-kashi, ko wane kashi kuwa 'yan kwanaki ne. Shekarar da a ke cewa an yi hunturu mai kyau, watau wannan kashi bai gama wucewa ba wani ya taho a bayansa, ƙasa ba ta sami sukunin ɗumama ba. Shekarar da ɗari ya yi nauyin ƙafa kuwa, tazara ce ta shiga tsakaninsu: guda ya zo, a yi mako biyu ko uku shiru. Sabo da haka ɗarin kwana huɗu ba alkawari ba ne. Ba ya faɗa wa kowa ko akwai wani a bayansa.

Dalilin da ya sa dare ya ke yin sanyi haka kuwa, bushewar iska ce. Iska mai laima kamar mayafi ta ke, ta kan tsare zafin da ƙasa ta sha da rana. In ta bushe, mayafin ya yaye, zafin ya tsere sama tun da almuru, kafin asuba ƙasa ta huce sarai. Iska mai sanyi kuma ta fi mai ɗumi nauyi, sai ta malala ta kwanta a kwari kamar yadda ruwa ke yi. Shi ya sa mai gadin lambu a fadama ya ke shan ɗarin da na cikin gari bai san da shi ba, ko da ya ke tsakaninsu bai fi a yi kira a ji ba.

Wani abu kuma da ya kamata manomin ƙasar Gwandu ya riƙe: rabonsa na sanyi bai kai na Kano ba. Kano ta fi ƙasar Sakkwato da Kebbi tudu, inda ya fi tudu kuwa ya fi sanyi. A nan ɗari ya kan fi saurin janyewa, zafi ya fi saurin kankama. Wa'adin da manomin Kadawa zai ɗan yi wasa da shi ya tsira, na Malisa ba shi da wannan sarari.

Abin da aka gani a ranin 2023 zuwa 2024

Ba a daɗe ba da aka ga misalin wannan. A shekarar 2023 ruwan babbar tekun Fasifik ya ɗumama fiye da yadda ya saba, abin da masana ke kira El Nino, wanda ya kan hargitsa iskokin duniya duka. Ya kuma sami duniya da ma tana ƙara zafi sabo da hayaƙin da a ke ta turawa sama. Da aka haɗa awon ƙasashe, sai aka ga ba a taɓa samun Disamba mai ɗumi irin na 2023 ba tun da aka fara rubuta awo. Ita shekarar kanta ta zarce duk waɗanda suka gabace ta, 2024 kuma ta zo ta zarce ta. A Nijeriya jama'a suka yi ta tambayar ina hunturu ya shiga.

Amma ba jinkirin farkon ne ya fi ban tsoro ba, gaggawar ƙarshen ce. Tun tsakiyar Fabrairu na 2024 Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, watau NiMet, ta yi gargaɗi cewa zafi ya kai digiri 41 a Arewa. Zafin da a ke sauraro cikin Afrilu ke nan, ya zo tun ba a shiga Maris ba. Ran 3 ga Afrilu kuwa aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Watau sanyin da ya makara a farko bai tsaya ya biya bashi a ƙarshe ba. Wannan ita ce maganar da ta fi wuyar shiga kunnen mutane, domin a zuci kowa ya kan ɗauka cewa in ɗari ya zo a makare, a makare zai tafi. Ba haka abin ya ke ba. Zafin bazara da hawan rana ya ke tafe, rana kuwa ba ta jiran kowa ya gama shuka.

Lissafin alkama

Ga yadda yaudarar ta ke kama manomin alkama. Ya gyara fangalinsa tun tsakiyar Nuwamba, irinsa yana ɗaki. Ya ji gari da ɗumi, ya tuna maganar da ya tashi yana ji cewa alkama 'yar sanyi ce, sai ya ce bari a dakata tukuna. Mako ya bi mako. Can ƙarshen Disamba ko farkon Janairu hazo ya sauko, haƙora suka kama kaɗawa, ya ce madalla, ga shi ya zo. Ya fita da iri.

Kuskurensa shi ne ya duba ranar shuka, bai duba ranar fidda kai ba. Alkamar da a ke nomawa a ƙasar nan ba irin ta Turai ba ce wadda sai ta kwana ƙarƙashin ƙanƙara za ta yi zangarniya. Wannan za ta tsira ko da ɗumi, in dai ta sami laima. Wurin da ta fi bukatar sanyi biyu ne. Na fari, makonnin farko, sa'ad da gindi guda ya ke fid da 'ya'ya a kewayensa. In akwai sanyi sai ta yi a hankali, ta yi 'ya'ya da yawa, ko wane ɗa kuwa zangarniya ce nan gaba. In da ɗumi sai ta yi gaggawa, ta miƙe da 'ya'ya kaɗan, kanta ya fito gajere. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci nesa ba kusa ba, shi ne daga fure zuwa cikar ƙwaya. Zafin da ya haura digiri talatin da 'yan kai ya kan ƙona garin furen tun bai yi aikinsa ba. Ƙwayar da ta kama kuwa, zafi ya kan katse mata shan nono, ta bushe tun ba ta cika ba, ta motse kamar fatar tsohuwa. Gona ta yi kyan gani daga nesa, a zo sussuka a sami ƙaiƙayi ya fi tsaba.

Alkama ta kan yi fure wajen wata biyu bayan shuka, ta isa yanka wajen wata uku ko da 'yan kwanaki. Sabo da haka ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda ita ce aka ɗora wa binciken alkama a ƙasar nan, ta ke ba da shawarar a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Wanda ya shuka a cikin wannan wa'adi, furen alkamarsa zai faɗo cikin Janairu ko farkon Fabrairu, lokacin da ko a shekara mai ɗumi ya fi ko wane lokaci sanyi.

A gwada lissafin da ranin 2024. A ɗauki ran 15 ga Fabrairu, sa'ad da zafin nan ya sauko. Wanda ya shuka ran 20 ga Nuwamba, alkamarsa ta kwana 87 a ranar, ƙwaya ta cika, sai jiran lauje. Zafi bai same shi da kome ba, sai ma taimakon busarwa. Wanda ya shuka ran 15 ga Disamba, tasa ta kwana 62, watau tana tsakiyar fure, zafi ya same ta a mafi raunin kwanakinta. Wanda kuwa ya jira hazo ya shuka ran 1 ga Janairu, tasa kwananta 45, ciki ta ke shirin ɗauka, furenta da nononta duka a cikin wuta za a yi su. Mai karatu ya lura, ko na tsakiyar nan, wanda bai saɓa wa shawarar masana ba, bai tsira sarai ba. Don haka a ƙasa mai saurin zafi irin ta Gwandu, farkon wa'adin ya fi ƙarshensa, kuma gara a shuka cikin ɗumin Nuwamba a yi haƙuri da ƙarancin 'ya'ya, da a shuka cikin ɗarin Janairu a yi asarar ƙwaya.

Wanda ya shuka da wuri cikin ɗumi yana da 'yan dabaru. Ya ɗan ƙara yawan iri, don yawan gindi ya cike gurbin 'ya'yan da ba za a samu ba. Ya matso da ban ruwa kusa da kusa, kaɗan-kaɗan, ya fi yinsa da maraice, gama ƙasa mai laima ta fi busasshiya sanyi. Ya sa ido ga gara da tsutsar kara, waɗanda ɗumi ke sake musu mara. Akwai kuma irin da aka tace don jure zafi, kamar Norman da Reyna-28, amma jure zafi ba ƙin jin zafi ba ne. 

A dubi abin da a ke zubawa a ƙasa. Hekta guda, watau eka biyu da rabi, ta kan ci iri kilo 100 ko fiye da haka. Ga taki, ga 'yan ƙwadago, ga ban ruwa ko wane mako ko kwana goma har a yi yanka. Ban ruwa kuwa fetur ne, fetur kuma tun da aka janye tallafinsa a ƙarshen Mayu na 2023 kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Gonar da ta makara duk wannan za ta ci, daidai da wadda aka shuka a kan kari, har ma ta fi shan ruwa don zafi, sa'an nan ta mayar da abin da bai taka kara ya karya ba. In da rance aka yi aikin, to, mai rance ba ya karɓar hazo a madadin buhu.

Maganar rance ta kawo wata. A Birnin Kebbi ne cikin Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoman shinkafa da alkama rancen kayan aiki. Cikin Nuwamba na 2023 kuma aka buɗe wani shirin na alkama a Jihar Jigawa, inda a ke sayar wa manomi iri da taki bisa rangwame. Gwamnati na da dalilin damuwa, domin ƙasar nan miliyoyin tan ta ke sayowa daga waje ko wace shekara don burodi da taliya, alhali da Hukumar Ƙididdiga ta auna abin da aka noma a gida a 2021, bai kai tan 37,000 ba. Kebbi ce ta uku a wannan lissafi, bayan Kano da Jigawa. To, amma ko wane irin shiri ne, ko na wa, amfaninsa ga alkama yana ga ranar da kaya suka isa ƙauye. Irin da ya iso Malisa cikin Janairu, ko kyauta aka ba da shi, tsada gare shi. Manomin da ya sami irin a makare, da muguwar rawa gara ƙin tashi: ya juya fangalin zuwa abin da ke son zafi, kankana ko kuɓewa ko wake, ko ya dakata kaɗan ya sa masara in ɗari ya sassauta.

Albasa da tumatir

Ita albasa ta fi alkama haƙuri, amma ita ma tana da nata lissafi. Ko wane ganye da ta fitar, ɓawo guda ne a jikin kanta nan gaba. Sanyi ke sa ta tsaya ta yi ganye da yawa, zafi kuma ya ce mata ta fara ƙulla kai. In ɗumi ya riga sanyi, sai ta ƙulla tun ganyen bai yi yawa ba, a sami ƙananan kawuna waɗanda dillalan kasuwar Aliero za su taya da wulakanci. Ɗumi da bushewa kuma su ne abincin 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan da ke ɓuya a matsematsin ganye suna tsotsa, har ganyen ya yi fari-fari. Kwana huɗu na sanyi ba ya kashe su, lafawa kawai su ke yi. Wanda ya daina leƙa wuyan albasarsa don ya ga hazo, zai komo ya tarar sun yi jikoki.

Masu dasa kawunan albasa don samun iri su ne suka fi kowa bukatar dogon sanyi, gama sai ta jima tana shansa ta ke fid da kara ta yi fure sosai. Shekarar da hunturu ya yi rauni, mai hankali ya kan tanadi irin baɗi tun da wuri.

Tumatir kuwa dare ya ke dubawa. In dare ya cika ɗumi furensa ya kan zube bai ƙulla ba, in kuma sanyi ya yi tsanani ya tsaya cik. Tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da sauran wurare a 2016, ɗumi ke sa ta saurin hayayyafa. Hunturu mai ƙarfi ya kan danne ta har zuwa bazara. Mai rauni kuwa ya kan sake ta da wuri.

Waɗanda sanyin ke cuta

Duk abin da aka faɗa a sama na masu son sanyi ne. Akwai waɗanda kwana huɗun nan kansa ke yi wa ɓarna, na farkonsu shinkafar rani, wadda Kebbi ta yi suna da ita. Shinkafa 'yar zafi ce. Manomi ya ga Disamba da ɗumi ya zuba irin reno, ya tsiro kore shar, sai ɗari ya faɗo masa. Tsiron ya yi rawaya, ya daina girma, wani ya mutu. Wannan da sauƙi, in rana ta komo ya kan farfaɗo. Wadda ba ta farfaɗowa ita ce shinkafar da aka dasa da wuri har ta ɗauki ciki. In darare suka sauka ƙasa da digiri 18 a wannan lokaci, ko na 'yan kwanaki ne, zangarniya za ta fito tsaye ƙyam ba ta sunkuya ba, a murza a ji ba kome ciki. Maganinsa ruwa ne: in an ga hazo ya sauko, a cika fangali da maraice ruwa ya yi zurfi, domin ruwa ya kan riƙe ɗumin rana ya raka shukar har asuba. Ruwan da inji ke jawowa daga ƙarƙashin ƙasa ma da ɗuminsa ya ke fitowa, shi ya sa a ke ganin yana tururi da sassafe.

Sai dabbobi. Annobar kajin nan da likitocin dabbobi ke kira Niyukasul, wadda ke sa kaza ta yi zugum, ta yi zawo, wuyanta ya murɗe, da hunturu ta fi yawo, ta kan share akurki guda cikin mako. Akwai rigakafinta da a ke yi a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, ɗigo ne a ido, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin iska ta tashi a ke yinsa. Haka ciwon majina da zawo na awaki da tumaki. 'Yan tsaki da 'yan raguna sababbin haihuwa kuwa, zana guda da aka kafa ta wajen arewa maso gabas, da busasshiyar shimfiɗa, sun isa su raba su da mutuwa.

A cikin gida, ɗarin da ya zo ba shiri ya fi kama jarirai da tsofaffi da masu asma. Akwai kuma haɗarin da ba a gajiya da faɗa: kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga. Gawayi ya kan fid da wata iska marar launi marar wari, mutum ya yi barci da ita bai farka ba. A ɗumama ɗaki, a fid da kasko waje kafin a kwanta. Wutar da aka ji ɗumi da ita a ƙofar gida kuma a kashe ta da ruwa, ba da ƙafa ba, gama ga danga ta bushe, ga rumbu cike, ga iska.

'Yan kasuwa da ma'aikata

Ɗan kasuwar da ya saro dilar gwanjo ta rigunan sanyi da barguna tun Oktoba, shi ma manomi ne a nasa fagen, sanyi ya shuka wa kuɗinsa. A shekara mai ɗumi kasuwarsa duka kwana huɗun nan ce. Wanda ya ga an yi masa layi ya tsauwala kuɗi yana cewa gobe ma rana ce, sau da yawa shi ke kwana da kaya har baɗi. Masu ajiyar wake su ma su lura, domin ƙwaron wake sanyi ke rage masa haihuwa. In babu sanyi, buhun da a da ya kan kai Maris lafiya sai a buɗe shi a Janairu a tarar da gari. Buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda a ke ɗaurewa iska ba ta shiga, ya fi ko wace shekara amfani a irin wannan.

Saura malaman gona da akawuna da malaman makaranta. Tashoshin awon yanayi a manyan garuruwa su ke, fadamar Malisa kuwa, kamar yadda aka faɗa, ɗarinta dabam ne da na filin jirgin sama. Malaman hisabi na ƙasar Hausa sun daɗe suna riƙe da lissafin taurari 28, kusan ko wanensu da kwanakinsa 13, manoma suna zuwa suna tambayarsu wane ne ya kama. Wannan lissafi yana faɗin lokacin da ɗari ya saba zuwa, ba ya faɗin ko ya zo. Abin da zai cike shi ba shi da tsada: ma'aunin zafi guda, a rataye shi a inuwa daidai ƙirjin mutum, nesa da bango da murhu, da littafi mai layi. A duba sau biyu, bayan sallar asuba da bayan azahar, a rubuta kwanan wata da lamba, a ƙara ko akwai hazo ko babu. A gefe guda kuma a rubuta ranar da wane ya shuka alkama, da buhu nawa ya ɗauka a fangali nawa. In aka yi rani uku a jere ana haka a makarantar firamare guda, shugaban ƙungiyar manoma zai sami takardar da zai ɗauka ya kai Gwandu ko Birnin Kebbi tun watan Satumba, ya nuna wa masu rabon iri ranar da ya kamata mota ta iso.